Kwana Goma Na Sake Shawara: Dokar Sayen Gida A Faransa

Mu duka mun san sayen gida ba kamar sayen riga ba ne. Mutum ya kan yi shekaru yana tari, sa'an nan rana ɗaya ya zuba abin da ya tara duka a wuri guda. In ya yi kuskure a nan, ya yiwu ya ƙare ransa bai warware ba. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wa 'yan'uwa wata doka ta ƙasar Faransa, wadda ta ba mai sayen gida damar janyewa bayan ya riga ya sa hannu.

A can, cinikin gida hawa biyu ne. Da fari mai saye da mai sayarwa su kan sa hannu a takardar alkawari, inda aka rubuta gidan da kuɗinsa da sharuɗɗa. Bayan kamar wata uku a yi takardar ƙarshe gaban wani ma'aikacin shari'a da su ke kira noter, a biya kuɗi, a miƙa mabuɗi. Tun a hawan farko mai saye ya kan ba da kafin alƙalami, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Watau gidan Yuro 200,000, kafin alƙalaminsa ya kan kai Yuro 20,000.

To, a shekarar 2000 aka kafa doka cewa mai saye yana da kwana 7 na sake shawara bayan wannan takarda ta fari. A 2015 aka ƙara wa'adin ya zama kwana 10. Cikin kwanakin nan, in ya ga cinikin bai yi masa ba, sai ya janye. Ba wanda zai tambaye shi dalili, ba kuwa za a ci shi tarar ko anini ba.

Lissafin kwanakin shi ne abin lura. Ba daga ranar sa hannu a ke farawa ba. Sai an aika wa mai saye takardar cikin wasiƙa mai rajista, ko kuwa noter ko dillalin gidaje ya miƙa masa hannu da hannu. Kashegarin ranar da ma'aikacin gidan waya ya fara kawo wasiƙar ƙofarsa, ran nan ne kwana na ɗaya, ko ya same shi a gida ko bai same shi ba. Misali, in an kawo ta ran 3 ga wata, a fara ƙirga ran 4, wa'adi ya cika ran 13. In ranar ƙarshe ta faɗa Asabar ko Lahadi ko ranar hutu, sai a ɗaga zuwa ranar aiki mai bi mata. Mai janyewa shi ma wasiƙa mai rajista zai aika, maganar baki ba ta isa ba. Daga nan wajibi ne a mayar masa da kuɗinsa duka cikin kwana 21.

Amma fa dokar tana da iyaka. Gidan zama kaɗai ta shafa, ban da kanti, ban da fili wanda ba gini. Wanda sayen gidaje ne sana'arsa ba ya ciki. Mai sayarwa kuwa, da ya sa hannu ya ɗauru ke nan. Dalili, shi ya san gidansa ciki da bai, ya san inda rufi ke yoyo, mai saye kuwa watakila sau biyu ya leƙa, dillali na zuga shi wai ga wani can zai riga shi. Sauri ya kan haifi nawa. In kuwa kwana goma suka wuce, wanda ya fasa ba bisa wani sharaɗi na takardar ba, kamar banki ya hana shi rance, to, yana iya hasarar kafin alƙalaminsa.

Waɗanda suka yi karatun fiƙihu a zaure cikinmu za su tuna da babin ciniki na zaɓi. Malaman Malikiyya sun yarda a sa wa'adin kamar wata guda ga gida, don mai saye ya duba gini, ya san maƙwabta. Bambancin shi ne, wannan sai an shardanta shi lokacin ciniki, yana kuma iya zama na mai sayarwa. Na Faransa kuwa hukuma ce ta ba mai saye, ko ya roƙa ko bai roƙa ba.

Abin da mu ke so mu riƙe, mu da za mu fita mu koyar da yara, shi ne wa'adi ba ya amfanin wanda bai san ranar farawarsa ba. Mu koya musu su karanta takarda kafin su sa hannu, su kuma ƙirga kwana da kyau, gama da na sani ƙeya ce.