IN RUWAN RIJIYA YA RAGE ƘARFI: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan ɗan littafi ne domin Hakimai da malamansu, saboda su ne jama'a ke fara kai wa kuka in ruwa ya yi wuya a gari. Sau da yawa mai gida ko Dagaci yakan zo ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, rijiyarmu ta ƙafe," alhali kuwa rijiyar tana nan da ruwanta, wata 'yar roba ce ta cinye, ko kuwa yashi ne ya toshe bututu. Kafin a gane haka an riga an tara kuɗi an sayi sabon inji, ko an ɗauko masu haƙa su tona wata rijiya, dukiya ta salwanta a banza.

Hasarar ba ta tsaya ga dukiya kaɗai ba. Ran da famfo ya tsaya, ran nan mata da yara ke komawa tafki da kududdufi. Gaskiya ne an rabu da kurkunu a Nijeriya, don tun 2008 ba a sake samun wanda ya kamu ba, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka. Amma amai da gudawa da zazzaɓin taifot suna nan, kuma ta ƙazamin ruwa suke shiga gida. Saboda haka ya kamata ko wane shugaba ya san yadda ake binciken wannan al'amari.

DAGA INA ƘARFIN RUWA KE FITOWA

A yawancin gidajen da ke da rijiyar burtsatse, ko rijiyar haƙa da aka sa wa inji, ruwa yakan bi hanya guda. Inji ya ɗago shi daga ƙasa ya zuba a tanki, daga tanki kuma ya gangaro ta bututu zuwa kan famfo. To, ƙarfin da ruwa ke fita da shi a kan famfo ba daga inji yake ba, daga tsayin tanki yake. Tankin da ruwansa ke mita 6 bisa kan famfo yana turo ruwa da ƙarfi ninki uku na wanda ke mita 2. Faɗin tanki kuwa ba ya ƙara kome. Wanda ya sayi ƙaton tanki ya girke shi a ƙasa ya sami wurin ajiya, amma bai sami ƙarfi ba.

Abu na biyu shi ne faɗin bututu. Ruwa yana gugar jikin bututu in yana wucewa, wannan guga kuwa tana cin ƙarfinsa. In aka ce ruwa guda ya bi ta bututun rabin inci maimakon na inci ɗaya, ƙarfin da zai ɓace a hanya ya kai kusan ninki 30. Wannan shi ya sa famfon da ke ƙarshen gida ke ɗiga, na kusa da tanki kuwa yana feshi.

TAMBAYOYI HUƊU KAFIN A TAƁA KOME

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, a yi wa mai ƙara waɗannan tambayoyi:

1. Famfo ɗaya ne ya rage, ko duka na gidan? In ɗaya ne, laifin yana kan famfon nan ko bututunsa, ba ruwan rijiya ko inji.

2. Farat ɗaya abin ya faru, ko a hankali? Farat ɗaya alama ce ta fashewar bututu, ko lalacewar inji, ko matsalar wuta. A hankali kuwa alama ce ta toshewa, ko cinyewar kaya, ko saukar ruwan ƙasa.

3. Kullum haka yake, ko da asuba ruwa na zuwa sosai sa'an nan ya yanke da hantsi? In yana zuwa ya yanke, ana ɗiba ne fiye da abin da rijiya ke tarawa.

4. Rijiyoyin maƙwabta fa? In duk unguwa ana kuka ɗaya, ruwan ƙasa ne ya sauka, sayen sabon inji ba zai yi magani ba.

A FARA DAGA KAN FAMFO

Ƙa'ida ita ce a fara da abin da ya fi sauƙi da araha, watau a taso daga kan famfo a bi bututu baya baya har a isa rijiya. A kwance kan famfo a duba ko yashi ko tsatsa sun cika shi. A duba ko wane makunni da ke kan hanya, don sau da yawa yaro ne ya murɗa ɗaya ya bar shi rabi a rufe. In akwai matatar ruwa a hanya, a buɗe a wanke.

Sa'an nan a hau a leƙa tanki. Laka da gansakuka sukan taru a gindinsa har su rufe mafitar ruwa. Tankin da ba shi da murfi kuwa har ganye da leda da gawar ƙadangare akan tarar a ciki. A wanke shi aƙalla sau biyu a shekara, a kuma rufe shi.

Don a gane ko akwai yoyo a ɓoye, a cika tanki da dare, a yi alama inda ruwa ya tsaya, a rufe duk famfunan gida. In da safe ruwa ya sauka, bututu ya fashe a wani wuri. A bi hanyarsa a nemi inda ƙasa ta yi damshi, ko inda ciyawa ta yi kore da rani. Har wa yau, in tanki ya taɓa ƙarewa ƙarƙaf, iska takan shige bututu ta tare ruwa. Alamarta ita ce famfo ya riƙa tari yana tofar da ruwa. Maganinta a cika tanki a buɗe duk famfuna, a bar su har iskar ta fice.

BINCIKEN INJI

In an tabbata tanki da bututu lafiya suke, sai a duba abin da inji ke kawowa. A tara jarka mai lita 25 a bakin bututun da ke zuba a tanki, a duba agogo, a rubuta minti nawa ta ɗauka kafin ta cika. In an san lokacin da take ɗauka a da, nan take za a ga bambanci.

Inji iri biyu ne. Akwai wanda ake girkewa a bakin rijiya yana zuƙo ruwa. Wannan, kome girmansa, ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce wajen mita 7 ko 8, domin nauyin iskar duniya ne ke turo masa ruwan, nauyin nan kuwa yana da iyaka. Saboda haka injin da ya yi aiki lafiya da kaka, in bazara ta yi ruwa ya sauka, sai ya yi ta ƙara ba ruwa. Haka kuma in bawul ɗin da ke ƙarshen bututu cikin ruwa ya lalace, ruwa yakan zurare ya koma rijiya, sai an ɗura wa injin ruwa kafin ya kama. Ƙaramar kafa a bututun zuƙa ma ta isa ta hana shi aiki, don iska zai riƙa sha.

Na biyu shi ne wanda ake zurawa can cikin ruwa, wanda mutane ke kira sumo. Abokan gabansa uku ne. Na fari raunin wuta: in wutar lantarki ta zo ba ƙarfi, ko janareta ya yi masa kaɗan, sai ya juya a hankali ya yi zafi. Inda ake aiki da hasken rana, a duba farantan, don ƙurar hunturu takan lulluɓe su ta rage wuta ƙwarai. A goge su da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, a kuma sare reshen da ke yi musu inuwa. Na biyu yashi, wanda ke cinye fukafukan da ke cikinsa sannu a hankali. In an ga yashi yana kwanciya a gindin bokiti, wataƙila an zura injin ya yi kusa da gindin rijiya, ko rariyar rijiyar ta yage. Na uku aiki ba ruwa. Ruwan da sumo ke ciki shi ke sanyaya shi, in ya rasa ruwa ba ya daɗewa sai ya ƙone. Da an ji ruwa ya fara yankewa yana fita da iska, a kashe nan da nan.

FAMFON TUƘA-TUƘA

Famfunan hannu da suka fi yawa a ƙauyukanmu su ne irin India Mark II da irin Afridev, dukansu suna ɗago ruwa daga zurfin da ya kai wajen mita 45. Akwai gwaji biyu da ko wane mai unguwa zai iya yi.

Na ɗaya, a buga har ruwa ya fara zuba, sa'an nan a tara bokiti a yi cikakken bugu 40 cikin minti ɗaya. Famfo mai lafiya yakan ba da wajen lita 15. In bai kai lita 10 ba, robar da ke ɗago ruwa ta cinye, a kira mai gyara.

Na biyu, a bar famfon ya huta rabin sa'a, sa'an nan a ƙidaya bugu nawa za a yi kafin ruwa ya fito. In ya wuce biyar, ruwa na zurarewa ta bawul na ƙasa ko ta mahaɗin bututu. In hannun ya yi sakwab ba nauyi, sanda ko sarƙa ce ta tsinke. In ruwa na fitowa ja da asuba, tsatsa ce ke cin bututun ƙarfe. Yawancin waɗannan gyare-gyare na kuɗi kaɗan ne, muddin an yi su da wuri.

IN LAIFIN NA RIJIYA NE

Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. A yawancin ƙasar Kano da Zazzau da kudancin Katsina, dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashi, ruwa yana zaune ne cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da cikin tsagoginsa. Irin wannan rijiya ruwanta kaɗan ne, tana cika da damina, tana sauka daga Maris zuwa Mayu. A ƙasar Borno da sassan Sakkwato kuwa akwai yashi mai zurfi mai riƙe ruwa da yawa. Duk da haka ko can ma ruwa yana da iyaka. A shekarun 1950 da 1960 an haƙa rijiyoyi a Borno waɗanda ruwansu ke tsartuwa da kansa ba inji, amma da aka bar da yawa suna kwarara dare da rana, ƙarfinsu ya yi ta raguwa. Dattawa kuma ba su manta da yadda rijiyoyi suka ƙafe ba a farin 1973 da na 1984.

In bincike ya nuna rijiya ce ta gaza, kada a yi gaggawar sa babban inji, don zai tsotse ta ne da sauri ya ƙone. A riƙa ɗiba kaɗan kaɗan ana barinta ta huta, a tara na dare a tanki. In akwai sauran zurfi, gwani ya ƙara sauke injin, amma ya bar tazara tsakaninsa da gindi. Rijiyar burtsatse da laka ta toshe akan wanke ta da injin iska. Rijiyar haƙa kuwa a yashe ta, in za a ƙara mata zurfi a yi a ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya kai iyakar saukarsa.

GARGAƊI

An sha rasa rayuka wajen yasar rijiya, wani ya shiga bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi ceto shi ma ya tafi. Lalle Hakimai su sa a yi shela a kan waɗannan:

1. Kada kowa ya shiga rijiya sai an zura fitila mai wuta har ƙasa. In ta mutu, iskar ba ta numfasuwa.

2. Kada a taɓa kunna injin fetur ko janareta cikin rijiya ko daf da bakinta. Hayaƙinsa yana kisa, fitila kuma ba ta nuna shi.

3. Mai shiga ya ɗaura igiya a jiki, ƙarfafa biyu su tsaya a baki. In ya suma a jawo shi, kada a bi shi.

4. A cire wuta kafin a taɓa inji ko waya.

5. Bayan ko wane aiki a sa maganin kulorin bisa umarnin ma'aikacin lafiya, a zubar da ruwan fari kafin a sha. Kada a bari a haƙa masai ƙasa da mita 30 daga rijiya.

AIKIN MALAMIN HAKIMI

Ana roƙon ko wane malami ya keɓe littafi guda na rijiyoyin gunduma. A ba ko wace rijiya shafinta: sunan gari da unguwa, shekarar da aka haƙa, zurfinta, irin famfo ko injin da ke kanta, da wanda ke kula da ita. Sau ɗaya a wata mai kula ya kawo sakamakon gwajin jarka ko na bugu 40. In rijiyar haƙa ce, ya zura igiya da asuba kafin a fara ɗiba ya auna inda ruwa ya tsaya. Bayan shekara guda littafin nan da kansa zai nuna wace rijiya ce ke sauka da bazara, wace ce kuma famfonta ke neman gyara.

In za a rubuta wa sashen ruwa na ƙaramar hukuma, ko hukumar ruwan karkara ta jiha, kada a tsaya ga cewa famfo ya lalace. A faɗi ranar da abin ya fara, da amsar tambayoyin nan huɗu, da abin da gwaji ya nuna, da yawan gidajen da ke sha a wurin. Takarda irin wannan ita ke sa ma'aikaci ya taho da kayan da suka dace tun zuwan fari.

Daga ƙarshe, ana fata Hakimai za su tara Dagatai da masu unguwanni a karanta musu wannan bayani, a kuma kafa ɗan asusu a ko wace rijiya ta jama'a don sayen roba da man shafawa, tun kafin bazara ta kama. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa shugabanninmu lafiya.