Abin da ka wallafa a intanet, naka ne ko na kamfani?

Duk wanda ya buɗe shafi a Facebook ko Instagram ko YouTube ya riga ya ƙulla yarjejeniya, ko ya karanta ta ko bai karanta ba. Maɓallin amincewa da ya danna a ranar farko shi ne sa hannunsa. Mafi yawanmu ba mu taɓa duba abin da ke cikinta ba, alhali a kanta muke ɗora hotunan iyalanmu, rubuce-rubucen ɗalibanmu da karatun malamanmu.

Sharuɗɗan kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, sun amince cewa hoton da ka ɗauka da rubutun da ka yi naka ne. Sai dai da zarar ka ɗora su, ka ba kamfanin izinin ajiye su, kwafe su, yaɗa su, sauya su da fassara su a ko'ina cikin duniya, ba tare da ya biya ka ko sisi ba. Kuma yana da damar miƙa wannan izini ga wani. Sharuɗɗan YouTube ma sun yi kama da haka.

Ɗalibin fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malamai sun daɗe da rarrabe mallakar asalin abu da mallakar amfaninsa. Imam al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya ƙara zurfafawa a littafinsa al-Furuƙ, inda ya bambanta wanda aka ba damar ya amfana shi kaɗai, kamar mai zama a masallaci ko ɗakin makaranta, da wanda ya mallaki amfanin kansa, kamar ɗan haya, wanda zai iya amfana kuma ya bai wa wani. Abin da kamfanonin nan suka karɓa ya fi kusa da nau'i na biyu. Gidan yana nan da sunanka, amma makulli ɗaya yana hannun wanda zai iya saukar da baƙinsa a ciki.

Shin wannan ƙullin ya inganta? A fahimtata, asalinsa musaya ce: sun ba ka dandali ba kuɗi, ka ba su izini, kuma Musulmi mai cika sharaɗin da ya ɗauka ne. Inda zuciya ba ta kwanta ba shi ne ikon da kamfani ke da shi na sauya sharaɗi shi kaɗai. A Disamban 2012 Instagram ya fitar da sababbin sharuɗɗa da jama'a suka fahimci za su ba shi damar sanya hotunansu cikin talla ba tare da biya ba. Sai da aka yi masa ca ya janye. A yau kuma Meta na amfani da abin da aka wallafa a bainar jama'a wajen horar da ƙirƙirarriyar basira, abin da bai zo a zuciyar wanda ya ɗora hoto shekara goma da suka wuce ba.

Kada kuma a ɗauki dandalin a matsayin mai riƙon amana. A 2019 MySpace ya sanar cewa ya rasa waƙoƙi, hotuna da bidiyon da mutane suka ɗora tsawon shekaru goma sha biyu, yayin sauya ma'ajiyarsa. A Najeriya mun ga yadda aka dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Masallacin da tafsirinsa na azumi goma yake a shafi ɗaya tak, ba shi da kwafi a kwamfuta ko wata ma'ajiya, ya jingina aikin shekaru ga abin da ba ya hannunsa.

Saura tsakaninmu. Izinin da mai abu ya bai wa kamfani bai zama izini ga kowa da kowa ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwait a 1988, ta zartar cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da Shari'a ke karewa, kuma bai halatta a keta su ba. Danna maɓallin yaɗawa, wanda ke barin sunan mai abu a jiki, wannan yana cikin abin da shi kansa ya yarda da shi. Amma sauke karatun malami, a goge sunansa, a ɗora a sabon shafi don tara mabiya da kuɗin talla, wani abu ne daban. Mafi muni shi ne yanko daƙiƙa talatin daga karatun awa biyu, a ɗora mata taken da malamin bai faɗa ba.

Ko gogewa ba ta dawo da komai yadda yake. Sharuɗɗan Meta sun ce izinin yana ƙarewa idan an share abin daga ma'ajiyarsu, amma abin da wasu suka riga suka yi amfani da shi yana iya zama har sai su ma sun share. Wanda ya sauke hoton 'yarka cikin wayarsa kuwa, wannan sharaɗin bai kai gare shi ba.