Gidan Da Kowane Ɗa Sunansa Hainirik

Ina so in ba ku labarin gidan sarautar Royis, na yankin Turingiya a ƙasar Jamus. Abin da ya ja hankalina shi ne, duk ɗa namijin da aka haifa a gidan nan Hainirik ake raɗa masa, don girmama babban Sarkin Jamus Hainirik na 6, wanda ya rasu a 1197.

To, yaya ake bambanta su? Da lamba. Gidan ya rabu biyu. A da, reshen garin Giraiz sukan ƙidaya har 100 sannan su koma 1, reshen garin Gera kuwa sai sabon ƙarni ya kama suke sake ƙirga. Lambar haihuwa take bi, ba hawan gado ba. Shi ya sa a 1867 Hainirik na 14 ya gāji ubansa, Hainirik na 67. Ni da farko na ɗauka kuskuren ɗab'i ne!

Ƙasarsu kuwa 'yar mitsitsiya ce, ta Giraiz ba ta wuce murabba'in kilomita 317 ba. Da Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai Hainirik na 27 ya yi murabus a 1918. A 1920 aka haɗe ƙasar cikin jihar Turingiya.