Mene ne gurɓatar ruwa da zafi?

Ba sai an zuba guba a kogi ba ne yake lalacewa. Zafi kaɗai ya isa. Wannan shi ake nufi da gurɓatar ruwa da zafi: masana'anta ta ɗebi ruwa ta sanyaya injina, ta mai da shi kogi da ɗuminsa.

Wani misali shi ne tashar lantarki ta Egbin, kusa da Ikorodu, mai ƙarfin megawat 1,320. Daga tafkin Legas take jan ruwan sanyaya injina, can kuma take mai da shi.

Matsalar ita ce ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. Lita guda mai zafin digiri 20 tana ɗauke da kusan miligiram 9 na iskar shaƙa. A digiri 30 kuwa ba ta kai 8 ba, alhali a lokacin ne kifi ya fi buƙatarta. Manyan kifaye su gudu, ƙwai da 'ya'yan kifi su mutu, gansakuka ta yaɗu. Masunci ne ke fara ji a jikinsa, sannan mai sayen kifi a kasuwa.

Ko rafin Ogunpa da ke Ibadan bai tsira ba: sare itatuwan bakin rafi, da ruwan sama da ya bi ta kan kwalta mai zafi, duk suna ɗumama shi.