Faifan da ya mutu tun damina

A wani ofishi da ke Damba, a gefen Gusau, na ga uwar garke mai faifai huɗu, fitilar ɗayansu ta koma ruwan goro. Mai kula da ita ya ce ai tun damina take haka, kuma aiki bai tsaya ba. Tun da makarantu da asibitoci suka fara mayar da takardunsu cikin kwamfuta, irin wannan amsar ta janyo asara.

Tsarin RAID da irin wannan na'urar ke aiki da shi, wanda masana a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka bayyana a 1988, yana rarraba bayanai ne a kan faifai da yawa. RAID 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya tak. Na biyu na bi, shi ke nan.

A nan kuwa masu kashe faifai ba su da nisa. Ga ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta bayani, ga fizgar janareta, ga batirin UPS da ya daɗe da mutuwa. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin Afrilu ya zo ya ƙarasa. Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne, fayafayan nan rana ɗaya aka saye su, tare suka tsufa. Da an saka sabo, dole na'urar ta karance tsofaffin kakaf don ta sake gina bayanan, kuma a wannan wahalar ce na biyun yakan cika.

Idan hakan ta faru, gaggawa ce abokiyar gaba. A kashe na'urar, a rubuta wa kowane faifai lambar raminsa kafin a zare shi. Kada a yarda da tayin goge faifai, kada mai gyara ya buɗe shi a shago mai ƙura. A kwafi kowanne ɗungurungum da manhaja irin ddrescue, a yi gwaji a kan kwafin.

Wasu za su ce a ajiye komai a intanet. Da kyau, amma mutanen Zamfara ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa makonni. Wanda kwafinsa ke can kaɗai, hannu ya naɗe. Shi ya sa na fi natsuwa da ofishin da ke da faifai na daban, ana sabunta shi duk Juma'a, yana kwana a wani gini.