Daga tsakar gida zuwa murabba'in mita 9: yadda ƴan Nijar ke koyon zaman ƙaramin ɗaki a Faransa

Matashin da ya taso a Maraɗi ko Damagaram ya saba da gida mai zaure da tsakar gida, inda ake girki, a yi wanki, a shimfiɗa tabarma da dare. Ranar da ya sauka Faransa karatu aka miƙa masa makullin ɗakin ɗalibai na CROUS, sau da yawa duk wannan rayuwa sai ta dunƙule cikin murabba'in mita 9: gado, tebur da kabad, da ɗan wurin da sallaya ke shiga da ƙyar.

Wannan adadi yana cikin doka ma. Dokar Faransa ta 2002 kan gidajen haya ta sanya murabba'in mita 9 a matsayin mafi ƙarancin faɗin ɗakin zama. A Paris, wanda bai samu ɗakin ɗalibai ba yakan ƙare a ƙananan ɗakunan da ke ƙarƙashin rufin tsofaffin benaye, inda ƴan aikin gida ke kwana a da, galibi a hawa na shida.

Wurin girki ne sabon zuwa ke fara gane bambanci. Rishon lantarki mai baki biyu ba ya ɗaukar tukunyar tuwon mutum goma. Firigo bai wuce tsayin ƙugu ba, wurin ƙanƙararsa kuma kaza biyu sun cika shi. Dole a manta da sayen buhu, a koma cefanen mako-mako. Masu neman kuɓewa, kuka ko manja sukan nufi unguwar Château-Rouge, su sayo daidai abin da kabad zai ɗauka. Turmi da taɓarya sun ba injin markaɗe wuri, domin daka ɗaya ya isa maƙwabcin ƙasa ya hauro ƙorafi. Tun 2015 kuma doka ta wajabta na'urar gano hayaƙi a kowane gida, suyar nama kaɗan sai ta ɗauki ƙara. Wanki sai an je shagon injinan wanki an biya.

Waɗannan duka ana sabawa da su cikin ƴan watanni. Abin da ke da nauyi shi ne baƙo. Ɗan uwa zai kira ya ce yana tafe, a sauke shi kafin ya samu wuri, alhali ɗakin mutum ɗaya aka ba haya, kuma ƙa'idar gidajen ɗalibai ta taƙaita kwanan baƙi. Idan ya amsa, yana iya rasa ɗakin. Idan ya ƙi, a gida a ce Turai ta koya masa rowa.

Shi ya sa wasu ke kunna kyamarar WhatsApp su zagaya da ita ɗakin, iyaye su gani da idonsu. Taron suna da cin naman Babbar Salla kuwa, sai a haɗa kuɗi a kama zauren taro, ko a haɗu gidan wani magidanci mai falo a bayan gari, kowa ya zo da ƴar tukunyarsa.