Barewa da Gada a Ƙasar Gumel: Abincinsu da Farautarsu

Idan an kai amfanin gona gida, iskar hunturu ta taso, samari a ƙasar Gumel sukan ɗauki gora da kulki, su kira karnuka, su nufi daji farauta. Amma abin da ake dawowa da shi yanzu bai wuce zomo ba, da gafiya, da makwarwa. Barewa ta yi wuyar gani daga Sule Tankarkar har Maigatari, gada ma sai an sha wuya. Dalili kuwa a fili yake. Gonakin gero da riɗi sun cinye dajin, farin 1973 da na 1984 ya kashe itatuwa masu yawa, sa'an nan bindiga da babur sun sa gudun barewa bai ƙara cetonta ba.

Mutanen Amurka sun taɓa shiga irin wannan hali. Suna da wata dabba mai kama da barewa, sai dai ƙahon namijinta yana da rassa, kuma yakan faɗi kowace shekara wani ya tsiro. Wajen 1900 an kashe su har saura kamar rabin miliyan. Sai aka yanke lokacin farauta, a 1937 kuma aka yi doka cewa harajin bindigogi da harsashi a kashe shi wajen kiyaye namun daji. Yau sun kai wajen miliyan 30. Maharbi a can yakan keɓe eka ɗaya ko biyu a bakin daji, ya shuka waken suya ko ciyawar kiwo, ba don ya girbe ba, sai don dabbobin su ci. Ba ya harbin ƙaramin namiji, yakan bar shi ya shekara huɗu ko biyar, ya cika girma.

To, manomin Gagarawa ba shi da eka guda ta kyauta, kuma wanda ya ce masa ya shuka wake don barewa, dariya zai sha. Amma ba sai ya shuka ba, don abincin yana nan tsaye a gonarsa. Da damina barewa ciyawa take ci, ba ta da damuwa. Wahalarta daga watan Maris ne zuwa faɗuwar ruwa, lokacin da ƙasa ta zama fili fetal. A sa'an nan ganye take bi da 'ya'yan itace. Gawo shi ne babba, domin shi da rani yake ganye, 'ya'yansa kuma suna zuba daidai lokacin da babu kome a ƙasa. Ga shi ba ya cutar gero, don da damina yake kaɗe ganyensa, gindinsa ma ya fi ko'ina yabanya. Bayansa sai aduwa, da magarya, da kurna, da ɗakwara. Ita gada ba ta son sarari. Kurmin sabara da kalgo take nema ta ɓuya da rana, ta fito da almuru. Wanda ya tumɓuke sabarar kan iyakar gona duka, ya kori gada, ya kuma buɗe wa iska ƙofa ta kwashe masa ƙasa.

Wannan abinci dai shi ne na awaki da tumakin da ake kaiwa kasuwar Maigatari ran Alhamis. Saboda haka mai sa wa daji wuta don ya fitar da zomo ɗaya, abincin garke ya ƙone.

Sai maganar wadda za a harba. Barewa takan yi ciki kamar wata shida, ɗa guda take haifa. Namiji ɗaya ya isa mata da yawa, amma in aka kashe mace, an kashe ta da duk 'ya'yan da za ta haifa. Ita ma macen tana da ƙaho, sai dai siriri ne. Na namiji ya fi kauri da gaɓoɓi. Macen gada kuwa galibi ba ta da ƙaho. Amma farautar taro da karnuka ba ta zaɓe, abin da ya tashi shi ake bi. Inda barewa ta ragu kamar ƙasar Gumel, ko babban namijin ma bai kamata a taɓa ba tukuna. Akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa tun 1963, da ta tarayya ta 1985 a kan dabbobin da ke shirin ƙarewa, kuma an keɓe wurare kamar Baturiya a ƙasar Haɗejiya, da Gadabeji a Nijar. Amma a ƙauye maganar Sarkin Baka da dagaci ta fi takarda saurin isa kunnen samari.

Wani abu kuma: gada takan ɓoye ɗanta a cikin kurmi ta tafi kiwo. Yara masu kiwo sukan tsince shi su kai gida, wai maraya ne. Uwar tana nan kusa. A hana su, a bar shi inda aka gan shi.